3.4 Tsara Kamannin Alamomin Gargaɗi a Allon Sa-ido na Masana'antu

3.4.1 Gabatarwa

A sashen da ya gabata an bayyana yadda manhajar sa-ido, wato irin wadda ake kira SCADA, take tattaro bayanai daga injuna ta kawo su gaban ma'aikaci a ɗakin kula da aiki. A wannan sashe kuwa za a duba yadda ake tsara kamannin alamar gargaɗi a kan allo, da dalilin da ya sa ba a barin wannan aiki ga son ran mai tsarawa.

Alamar gargaɗi saƙo ce da ke sanar da ma'aikaci cewa wani abu ya kauce daga yadda aka tsara shi, kamar zafi ya yi yawa ko tanki ya kusa cika, kuma ana buƙatar ya ɗauki mataki. Ke nan amfaninta ya rataya a kan ma'aikaci ya gan ta, ya gane ta, ya kuma san matsayinta a cikin 'yan daƙiƙoƙi.

3.4.2 Dalilin Tsara Kamanni

Haɗura biyu sun isa misali. A ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, alamomi fiye da 100 suka tashi a cikin mintunan farko na haɗarin. Bugu da ƙari, fitilar wani bawul ta sa ma'aikata suka ɗauka ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an aika masa da umarnin rufewa kawai. Bawul ɗin a buɗe yake.

Haka kuma, a ranar 24 ga Yuli, 1994, matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya ta yi bindiga, mutum 26 suka jikkata. Binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ya nuna cewa a cikin mintuna 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci alamomi 275, kuma ba a bambance masu muhimmanci daga saura yadda ya kamata ba. Da ma Bahaushe ya ce, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Irin waɗannan darussa ne suka haifar da jagorar EEMUA 191 a 1999, da ƙa'idar ISA-18.2 a 2009, wadda aka gina ƙa'idar duniya ta IEC 62682 a kanta a 2014. Shawarar da ke cikinsu ita ce, kimanin kashi 5 cikin ɗari na alamomi ne za su kasance masu gaggawa, kashi 15 matsakaita, kashi 80 kuma ƙanana.

3.4.3 Abubuwan da Ake Tsarawa

(a) Launi: Ana ba kowane mataki launinsa, misali ja ga mai gaggawa, ruwan ɗorawa ga wanda ke ƙasa da shi. Sharaɗin shi ne kada a yi amfani da launin nan a wani abu daban. Idan ja yana nufin famfo ya tsaya, yana kuma nufin haɗari, to ido zai saba da shi har ya daina kula. Wannan ne ya sa ake fifita shimfiɗar allo mai ruwan toka, domin launin gargaɗi ya fito fili.

(b) Siffa da Lamba: Launi shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma matsalar ta fi yawa ga maza. Saboda haka akan haɗa launi da siffa, kamar murabba'i ko mai kusurwa uku, a sa lambar mataki a ciki.

(c) Ƙiftawa: Sabuwar alama takan riƙa ƙiftawa har sai ma'aikaci ya amsa ta, daga nan ta tsaya cik da launinta muddin matsalar ba ta kau ba. Alamar ce ake so ta ƙifta, rubutun kuwa ya tsaya domin a iya karanta shi.

(d) Sauti: Kowane mataki da irin ƙararsa, ta yadda ma'aikaci zai san nauyin abin tun kafin ya waiwayo.

(e) Rubutu da Jeri: Saƙon ya faɗi wurin da matsalar take da irinta a taƙaice, a kuma iya jera alamomi bisa muhimmanci ko lokaci. Alamar da aka jingine na ɗan lokaci ita ma tana da nata kamanni, don kada a manta da ita.

3.4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kamannin alamar gargaɗi wani nau'in harshe ne tsakanin inji da ɗan Adam, kuma dole ma'anarsa ta zama ɗaya a kowane allo na masana'anta. Duk da haka, gyaran kamanni ba ya magance yawan alamomi marasa amfani. Sai an tace su tukuna. Sashe na gaba zai duba hanyoyin yin wannan tacewa.