Ciwon gaɓɓai: in dakarun jini suka juya wa mai su

A ƙauyukan Magarya da Dungas, in yatsun mace suka kumbura, suna sandarewa kowace safiya, sai a ce sanyi ne. Wani lokaci kuwa dakarun jini ne, masu yaƙi da cuta, suka faɗa wa gaɓɓanta.

Cikin dakarun nan akwai dogarai masu tsawata musu, wani jinsi na ƙwayoyin T. Masanin Japan Shimon Sakaguchi ya gano su a 1995, ya samu kyautar Nobel a 2025. Dogaran da saƙo suke aiki, wato sinadaran da ƙwayoyi ke aika wa juna. Saƙon IL-2 shi ke raya su. In IL-6 ya yawaita, sai ƙwayar da za ta zama dogari ta koma mai rura wuta.

A 2011 likitocin Paris suka bayyana cewa IL-2 kaɗan-kaɗan ya ƙara dogaran a jikin masu kumburin jijiyoyin jini. Maganin toshe IL-6 ma akwai shi, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin manomi.

Ƙaho da sakiya ba su kaiwa ga wannan saƙo. Wadda kumburinta ya kai mako shida, a kai ta asibiti tun yatsu ba su lanƙwashe ba.