Kwana Uku na Farko da Hukuncin da Suke Yanke wa Fim

A harkar silima ta wannan zamani, kuɗin da fim ya tara daga ranar Juma'ar da aka fara haska shi zuwa daren Lahadi shi ne abin da ake fara auna shi da shi. Kafin hantsin Litinin an riga an raba fina-finan mako gida biyu, wanda ya yi kasuwa da wanda ya yi kwantai. A Kano hukuncin ba ya ma jiran Litinin. Da zarar wani furodusa ya saki fasta a Instagram ɗauke da wasu miliyoyi, gardama ta tashi ke nan a majalisun matasa tun daga Zaitawa har Yakasai. Waya ɗaya takan zagaya benci guda a teburin mai shayi, kowa ya buɗe hoton da yatsu biyu ya ƙirga sifilan da ke jikin lambar, magoya bayan wannan jarumi suna yi wa na wancan tsiya. Yawancin masu gardamar ba su kalli fim ɗin ba, kuma ba kasafai wani yake tambayar wanda ya ƙirga kuɗin ba.

Al'adar ba tsohuwa ba ce. Har zuwa farkon shekarun 1970, babban fim a Amurka yakan fara ne a 'yan gidajen silima na manyan birane, sannan ya gangara ƙananan garuruwa a hankali, wata da watanni. Fim ɗin Jaws na 1975 yana cikin waɗanda suka sauya wannan tsari: an sake shi a gidaje sama da 400 a rana ɗaya, bayan an cika talabijin da tallarsa, kuma dabarar ta yi riba ƙwarai. Daga nan kamfanoni suka koma zuba kuɗin talla gaba ɗaya kafin ranar fitowa domin su kwashe abin da za su kwasa da wuri. A 2002 Spider-Man ya zama fim na farko da ya haura dala miliyan 100 a kwana uku, a 2019 kuma Avengers: Endgame ya tara dala miliyan 357 a kwana ukunsa na farko a Amurka da Kanada kaɗai, a gidaje sama da dubu huɗu. Indiya ma ta bi sahu. A da, ana yi wa fim ɗin Indiya biki ne idan ya cika mako 25 ana nuna shi. Tun daga Ghajini na Aamir Khan a 2008 magana ta koma saurin da fim ya yi wajen tara rufi biliyan ɗaya.

Abin da wannan adadi yake aunawa a zahiri ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Mutumin da ya yanki tikiti ranar Juma'a bai ga fim ɗin ba, kuma bai haɗu da wanda ya gani ba. Abin da ya saya alkawari ne: sunan jarumi, waƙar da ta riga fim ɗin fita, tirela, da surutun da aka yi a soshiyal midiya. Saboda haka cinikin kwanakin farko shaida ce a kan ƙarfin talla da farin jinin 'yan wasa. Ra'ayin masu kallo game da labarin kansa sai a mako na biyu yake bayyana, lokacin da wanda ya gani ya koma gida ya ce wa ƙaninsa ko dai ya je, ko ya adana kuɗinsa. Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166 a 2016, mako na biyu cinikinsa ya zube da kusan kashi 69 cikin ɗari.

Duk da haka adadin yana da ƙarfi, domin yana iya mayar da kansa gaskiya. Manajan gidan silima yana da ɗakuna ƙidayayyu da sa'o'i ƙidayayyu. Idan ya duba lissafi a farkon mako ya ga wani fim bai ja mutane ba, sai ya rage masa lokutan nunawa, ya tura shi tsakar rana lokacin da kowa yana wurin aiki ko kasuwa, ya ba wanda ya fi shi ciniki lokutan yamma da dare. Fim ɗin da aka yi wa haka zai ƙara faɗuwa a mako na biyu, sai a ce ga shi nan, dama an faɗa. Masu kallo su ma suna da nasu hannu a ciki. Mutum yakan wuce mai tsiren da ke zaune shi kaɗai ya je ya tsaya inda ake layi, ko da bai taɓa ɗanɗana na ɗayansu ba. Wannan ne ya sa 'yan fim a Legas da Kano suke zuwa gidajen silima da kansu a kwanakin farko suna ɗaukar hoto da masu kallo, shi ne kuma ya sa a Indiya ake yawan zargin wasu kamfanoni da sayen tikitin fim ɗinsu da kansu domin lambar ta kumbura.

Kuskuren da ya fi yawa a gardamar majalisa, kuma ya fi ban haushi, shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba. Abin mamaki ne a ce wannan ruɗani ya samu gindin zama a garin da yaro ɗan shekara goma da ke jiran shagon babansa a kasuwar Kurmi ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Direban adaidaita sahu da ya dawo gida da aljihu cike da magariba bai zama mai kuɗi ba. Akwai balas ɗin mai babur, akwai kuɗin mai, akwai na bakanike. Mai ƙosai da ta juye kwanon cinikinta a kan tabarma ta san yawancin abin da ke gabanta na mai wake ne da mai man gyaɗa da mai itace. Manomin da ya yi noman haya ba ya ƙirga buhunan da ke bakin gona a matsayin nasa kafin mai gona da 'yan ƙwadago su ɗebi rabonsu. Amma da zarar an ce fim ya tara miliyan kaza, sai a ɗauka kuɗin gaba ɗaya sun shige asusun furodusa, har a fara yi masa lissafin motar da zai saya.

Kuɗin tikiti yana bi ta hannaye da yawa kafin ya isa ga mai fim. Gwamnati takan fara cire harajinta, wanda ya haɗa da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa a Najeriya tun 2020. Gidan silima yakan riƙe kusan rabin abin da ya rage, kuma galibi kasonsa yana ƙaruwa yayin da makonni ke tafiya, wanda hakan wani dalili ne da ya sa furodusa yake son jama'a su zo da wuri. Kamfanin da ya rarraba fim ɗin shi ma yana da ladansa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, an kashe naira miliyan 10 wajen shirya fim, ya kuma tara miliyan 10 a silima. A fasta abin zai yi kyan gani, kamar fim ya mayar da kuɗinsa. A aljihun mai shi kuwa abin da zai dawo zai yi wuya ya kai rabi, ba a ma yi maganar kuɗin talla ba. Shi ya sa a Hollywood ake lissafin cewa sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe a kansa kafin a ce ya tsira.

Akwai kuma faɗuwar darajar naira. The Wedding Party ya tara kimanin naira miliyan 450 bayan fitowarsa a ƙarshen 2016, A Tribe Called Judah na Funke Akindele kuma ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura biliyan ɗaya a Janairun 2024. Tsakanin shekarun biyu farashin tikiti ya ninka, don haka kwatanta lambobin kai tsaye kamar kwatanta kuɗin kwanon shinkafa ne na bana da na shekara bakwai baya. A Faransa kawunan da suka shiga kallo ake ƙirgawa, ma'aunin da hauhawar farashi ba ya taɓawa.

Tarihin fim cike yake da waɗanda suka fara da rarrafe. Sholay, wanda dattawan Kano da yawa suka kalla fiye da sau ɗaya, ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, kuma a makonninsa na farko masu sharhi a Indiya sun yanke cewa ya faɗi. Baki ne ya tashe shi, har ya yi shekara biyar ana nuna shi a gidan Minerva na Mumbai. Titanic ya buɗe da ƙasa da dala miliyan 29 a Disambar 1997, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka duba kuɗin da ya ci, sai ya yi mako 15 a jere yana kan gaba. Da wuya fim irin waɗannan ya samu wannan haƙuri a yau, a kasuwar da wani sabon fim yake jiran ɗakin kowace Juma'a.

Idan aka dawo Kano, ma'aunin kwana uku baƙo ne da bai gama zama daidai da gari ba. Dangantakar cikin birni da silima tun asali ba mai daɗi ba ce. Palace, wadda aka buɗe a Jakara a 1952, shekara guda bayan gobarar silimar El Duniya da ta ci rayuka sama da 300, ita ce ta farko a cikin ganuwa, kuma sai da aka sa 'yan sanda saboda adawar mutanen unguwa. Gidaje irin su Plaza da Orion da Marhaba sun yi zamaninsu da fina-finan Indiya da na Sin, amma zuwa can bai taɓa zama abin da magidanci zai yi da iyalinsa ba. Kannywood kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ta girma, a tsakar gida da ɗakunan mata. Ma'aunin wancan lokaci kwali ne: furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa ya sayar wa 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai, su kuma su kwafi kaset su saka a ciki. Fim ɗin da aka dawo ana neman ƙarin kwalinsa shi ne ya yi kasuwa, kamar yadda Sangaya ya yi. A can ma kwanakin farko suna da muhimmanci, amma saboda wani dalili daban, wato masu satar fasaha, waɗanda ba sa barin sabon fim ya daɗe kafin jabunsa ya cika gari.

Da kasuwar faifai ta mutu, masu tura fim a waya suka maye gurbinta da kwamfuta ɗaya a ɗan shago, sai furodusoshi suka juya ga silima. Buɗe gidan silima na Filmhouse a Ado Bayero Mall da ke titin gidan Zoo a 2015 ya ba su wurin, kuma Mansoor na Ali Nuhu a 2017 yana cikin fina-finan da suka nuna cewa matasa maza da mata za su biya su shiga. Sai dai lissafin nan bai yi kama da na Legas ba, balle na Amurka. Fim ɗin da ake nunawa a gida ɗaya ko biyu, yawan kujerun ɗakin ne yake ƙayyade cinikinsa, kome farin jininsa. Ɗaki mai kujera ɗari biyu ba zai ɗauki mutum ɗari uku ba. Sannan ainihin ƙarshen mako na Kano ba Juma'a zuwa Lahadi ba ne, Salla ce. A ranakun ƙaramar Salla da babba ne samari da 'yan mata suke da sabon ɗinki da goron Salla da izinin fita. Fim ɗin da ya samu wannan gurbi da wanda ya fito ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta ba a fili ɗaya suka yi tsere ba, ko da an jera lambobinsu a fasta guda.

Saura batun mai ƙirga. A Amurka kamfanin Comscore yana tattara bayanai kai tsaye daga gidajen silima, kuma duk da haka lambar da ake sanarwa ranar Lahadi hasashe ce, domin ana fitar da ita tun kafin a gama cinikin ranar. Ta gaskiya sai Litinin. A Najeriya ƙungiyar masu gidajen silima, CEAN, tana fitar da jadawalin mako-mako. Yawancin lambobin da ke yawo game da fina-finan Hausa kuwa daga bakin masu fim ɗin suke fitowa, wato mai kaya ne yake faɗin nauyin kayansa. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma ba a rasa jin labarinta duk lokacin da aka dakatar da wani jarumi ko wani shiri. Da an ba ƙidayar masu kallo da cinikin masana'antar ko da kaɗan daga wannan himma, da mai son zuba jari ya samu abin dubawa wanda ya wuce fasta.

A 'yan shekarun nan yawancin ƙarfin Kannywood ya koma fina-finai masu dogon zango, irin su Izzar So da Labarina, kuma gardamar ta bi su can. Yanzu abin da ake nunawa a majalisa shi ne yawan kallon da sabon kashi ya samu a YouTube a rana ta farko. Wannan lamba aƙalla kowa yana iya ganinta da idonsa, amma ita ma ba kuɗi ba ce. YouTube yana riƙe kashi 45 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka saka a bidiyo, kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai abin da suke biya a kan wanda ke Ingila ko Saudiyya ba. Wanda ya buɗe ya kalli minti biyu ya rufe saboda data an ƙirga shi daidai da wanda ya kai ƙarshe, wanda kuma ya je shagon turi aka zuba masa kashin a waya ba a ƙirga shi ko kaɗan ba.