Bayani Game da Tasirin Zafi a Kan Ƙarfin Cikon Haƙori

Da yawa daga cikin mazauna Ƙofar Marusa da sauran unguwannin birnin Katsina da suka je cikon haƙori a 'yan shekarun nan, sun ga likita ya sa musu wani abu mai launin haƙori, sa'an nan ya haska shi da shuɗiyar fitila. Wannan shi ne cikon da ke maye gurbin tsohon cikon azurfa mai ɗauke da zaiba. Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a shekarar 2018, kuma a taron Janiba na 2025 ƙasashe sun amince a daina amfani da tsohon cikon nan da shekarar 2034.

Sabon cikon, wanda likitoci ke kira kwamfozit, haɗi ne na ƙaron roba da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Wani likitan haƙori na Amurka, Rafael Bowen, shi ne ya samar da ƙaron da aka fi amfani da shi a shekarar 1962. Idan hasken fitila ya sauka a kansa, sai ƙananan ƙwayoyin ƙaron su sarƙe da juna, cikon ya daskare. To amma haske kaɗai ba ya kammala aikin, domin abin da ke sarƙewa yawanci kashi 55 zuwa 75 ne cikin ɗari. Gwargwadon yawan abin da ya rage bai sarƙe ba, gwargwadon saurin zaizayar cikon da sauyin launinsa.

A nan ne zafi ke da amfani, ta hanyoyi biyu. Ta farko, akan ɗumama kwamfozit a cikin wata ƙaramar na'ura zuwa digiri 54 ko 68 a ma'aunin Salsiyas kafin a sa shi a rami. Ɗumin na sa ya yi laushi ya shiga kowane lungu na ramin, ya kuma ƙara sarƙewa idan an haska shi. Sai dai yana hucewa cikin kamar minti biyu, saboda haka dole likita ya yi hanzari. Ta biyu, idan ramin babba ne a haƙorin tauna, akan ɗauki awonsa a ƙera cikon a waje, a haska shi, sa'an nan a gasa shi a ɗan tanderun lantarki a zafin digiri 110 zuwa 120 na wasu mintoci kafin a manna. Bambancin tamkar na tukunyar da aka shanya a rana ne da wadda aka gasa. Ba a yin gashin a cikin baki, domin wani bincike na shekarar 1965 ya nuna cewa ƙarin digiri 5.5 kacal na iya lahanta jijiyar haƙori.

Ya kamata a sani cewa ƙarin taurin da gashi ke bayarwa ya fi bayyana a ɗakin gwaji. A cikin baki kuwa, ba a ga tazara mai yawa ba tsakanin daɗewar gasasshen ciko da wanda aka yi kai tsaye da kyau. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne a tsare ramin daga yawu, a zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2 ga irin da aka saba, a kuma haska kowanne na daƙiƙa 20 zuwa 40 da fitila mai cikakken caji.

Har ila yau, zafin da ke gyara ciko daban yake da zafin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, alhali kamfanoni na umartar a ajiye kwamfozit a ƙasa da digiri 25 zuwa 28. Wanda ya shafe makonni a shago ko ɗakin ajiya mai zafi kan lalace tun kafin a buɗe shi. Don haka ake kira ga asibitoci da masu sayar da kayan haƙori da su riƙa ajiye shi a wuri mai sanyi, idan kuma daga firiji aka ciro shi, a bari sanyin ya sake shi kafin a yi aiki da shi.

Ga majiyyaci kuwa, shan shayi mai zafi ba ya ƙara wa ciko ƙarfi. A guji fasa ƙashi ko busasshiyar aya da haƙorin da aka cike. Idan tsamin haƙori ya wuce mako biyu, ko aka ji cikon yana tokare haƙorin da ke fuskantarsa wajen tauna, a koma wurin likitan da ya yi aikin domin ya duba.