Kafin ka kai motarka wurin mai walda, ka san ajinta

A shirinmu na hanya da sufuri, wani ɗan'uwa daga Yendi ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi Kia Rhino ta hannu, yana so ya ƙara mata sifirin, ya ɗaga bodi, ya ja shi baya kaɗan, don ta riƙa kwasar shanu zuwa Kumasi ta dawo da siminti. Wai da wanne zai fara? To Alhaji, amsar ba taka ba ce kai kaɗai, don mai doya a Salaga da mai albasa a Bawku duk wannan lissafin suke yi.

Bari mu ɗan leƙa Amurka tukuna. Akwai wata gasar motoci da suke kira otokuros. A fili ake yinta, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama. Sai a jera robobi a fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, agogo na ƙirga mata lokaci. Wanda ya ture roba a ƙara masa daƙiƙa biyu. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ta kasa motocin aji-aji. A ajin farko mota tana nan kusan yadda kamfani ya ƙera ta, abin da aka yarda ka sauya kaɗan ne, irin su taya da shokazoba. Da zarar ka taɓa inji ko ka sauya sifirin, an fitar da kai daga nan, an kai ka cikin waɗanda suka kashe kuɗi ninkin naka. Shi ya sa tsofaffin hannu suke gaya wa sabon shiga ya karanta dokar ajin da yake so kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya.

Kai ba kofi kake nema ba, na sani. Gasarka ita ce ka riga wani isa kasuwa, dabbobi na tsaye da ƙafafunsu. Amma motarka ma tana da aji, kuma aji uku ne a lokaci guda.

Na farko kamfani ne ya rubuta shi. Duba jikin ƙofar direba ko jikin shasi, za ka ga wani ɗan faranti da aka buga nauyin da motar za ta iya kaiwa, ita da kayanta da mutanenta gaba ɗaya. A kan wannan lambar aka auna birki, aka auna aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, aka auna boris da kuloci. Na biyu na DVLA ne. Lasin B na ƙananan motoci ne da ba su wuce kilo 3,000 ba, C da D na matsakaita, F na manyan da suka haura kilo 8,000. Takardar motar kuma ta faɗi irin bodinta da aikin da aka yi mata rajista a kai. Na uku sikeli ne. A Gana ma'aunin da aka sani shi ne tan 11.5 a kan aksil guda, kuma Togo da Burkina Faso suna da tasu dokar nauyi ta ƙasashen sefa tun 2005. Wanda ke fita ta Kulungugu, ko ta Pulimakom zuwa Sinkase, ko ta Tatale, kada ya ɗauka tsallake iyaka ya raba shi da sikeli.

Yanzu mu zo kan sifirin, don nan ne aka fi ruɗin mutane. Fita zai ƙara maka ganye biyu ko uku, ka loda kaya, ka ga mota ta tsaya cak ba ta durƙusa ba. Sai ranka ya yi fari. Wallahi abin da ka saya kawai shi ne ɓoye alamar. Da can in ka wuce kima mota na zama a kan tayoyinta, kowa ya gani. Yanzu ba ta zama, amma birkin nan shi ne na da, boris ɗin nan shi ne na da. Birki aikinsa ya mai da gudu zafi. Nauyi ya ninka, zafin da zai sha ya ninka. Gudu ya ninka, zafin ya zama ninki huɗu. Duk wanda ya taɓa gangarowa dutsen Nakpanduri ya nufi Garu da lodi ya san warin nan na birki in ya fara ƙuna, ka taka ka ji ƙafarka na nutsewa. A irin wannan gangara da babbar giya ake sauka, birki taimako ne kawai.

Jan bodi baya kuwa, ni dai ba na ba kowa shawararsa. Kayan da ya zauna bayan tayar baya yana ɗaga gaban mota kamar yara biyu a kan lilon katako. Gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, musamman a kan burji mai gargada ko bayan ruwan sama, irin wanda masu bin hanyar Salaga zuwa Bimbilla suka saba da shi. Sannan shasi ƙarfe ne da ake so ya riƙa ɗan lanƙwasawa yana dawowa. Inda aka yi masa walda ko aka huda leɓensa, nan yake fara tsagewa, kuma ba ya yin sallama.

Ɗaga bodi sama na da nasa. Buhun masara in ka ajiye shi yana nan inda ka bar shi. Sa ba haka yake ba. Ka shiga kwana, duk su karkata gefe guda, nauyin ya bi su. In an yi bene an ɗora awaki ko mutane a sama, abin ya ƙara muni. Gyaran da ya fi amfani ga mai shanu ba tsawo ba ne. Shi ne shinge a tsakiya da zai raba su gida biyu ko uku, daɓen da ba ya santsi (yashi ko ƙaiƙayi ma na taimakawa), kafofin shan iska a gefe, da ƙofar baya mai sakata biyu. San da ya faɗi aka tattake shi tun daga Yendi, a Kumasi kuɗin nama za a ba ka, in ma an ba ka.

In kuɗinka kaɗan ne, fara da taya. Masu otokuros ma haka suke cewa, kuma a nan gaskiyarsu ce. A jikin kowace taya akwai lambar nauyi: 100 na nufin kilo 800, 110 kilo 1,060, 120 kuma kilo 1,400. Akwai kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa, kuma zafin Bawku a watan Maris ba ya ragawa tsohuwar roba. Bayan taya sai birki, sai lagireto, sai fitilu. Masu Motokin ma wannan jerin ne nasu, don keken nan mai ƙafa uku ya fi kowa saurin kifewa in aka yi masa toliyar kaya.

In ka zauna ka yi lissafi ka ga lodin da kake so ya fi abin da ke kan farantin nan, to motar ce ba ajinka ba. Ko ka sayar ka ƙara kuɗi ka hau aji na gaba da lasin da ya dace, ko ku haɗa kai da wani ku yi shatar babba ranar kasuwa. A Suame Magazine ta Kumasi akwai masu ƙera bodi da suka san aikinsu, amma ka tafi da takardun motar a hannu, ka nuna musu nauyin da aka rubuta, ka ce a kansa za a yi aikin. In an sauya inji ko siffar bodi, je DVLA a gyara takarda, ka kuma sanar da masu inshorarka tun kafin ka ɗauki lodin farko. Ranar da tsautsayi ya faru, abin da ke rubuce za su duba su gwada da abin da ke kwance a bakin hanya.

Alhaji na Yendi, ka bar bodin a tsawonsa. Sa a yi maka shinge da daɓe, ka sauya tayoyin baya, ka aiko mana da lambar da ke kan farantin motarka mu lissafa maka shanu nawa za ta ɗauka.