Hoton da ba shi da isnadi: darasin da na koya a Managil

A watan Disambar 2023, bayan Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, garinmu Managil ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, har ajujuwan da muke koyarwa suka zama ɗakunan kwana. Ana cikin wannan hali sai wani bidiyo ya shigo zaurenmu na WhatsApp: gidaje na ci da wuta, mata na kururuwa da Hausa, an rubuta a ƙasa wai "yanzu-yanzu, kusa da ku". Kafin la'asar maƙwabcina ya ɗaure kayansa.

"Ustaz, ka gani da idonka, me kuma za mu jira?" in ji shi.

Na gani kam. Amma da wani tsohon ɗalibina ya bi sawun bidiyon, sai ga shi an fara sa shi tun Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Nilul Azraƙ da ya ci rayukan 'yan uwanmu. Wutar gaskiya ce, kukan ma gaskiya ne. Kwanan watan kawai aka cire masa, ya koma ƙarya.

A darasin hadisi nakan gaya wa yara cewa akwai matani, akwai isnadi. Haka abin yake a intanet. Matani shi ne hoton ko rubutun. Isnadi kuwa shi ne abin da masana kwamfuta ke kira metadata: wa ya sa shi, yaushe, a wane adireshi. Ita kanta waya tana ɓoye rana da sa'a da irin na'urar a cikin hoto, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. In ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, waɗannan bayanai gogewa suke yi. In ka tura a matsayin fayil, suna nan. Ɗaukar hoton fuskar waya kuwa, wannan yanke isnadi ne ɗungurungum.

Akwai masu wannan aiki haiƙan. Sudanese Archive, da ke ƙarƙashin ƙungiyar Mnemonic mai mazauni a Berlin, tana kwaso bidiyoyi daga irin su Facebook da YouTube tare da adireshinsu da ranar wallafa su, ta adana kafin a goge. Kowane fayil ana yi masa wani hatimi na lissafi, ta yadda in an taɓa shi za a gane. Sannan mutane su zauna su gwada hasumiyar masallaci ko gada da ke cikin bidiyon da taswira. Da haka suka tattara shaidun tarwatsa zaman dirshan na Khartum, ranar 3 ga Yunin 2019.

Ni ba ni da irin kayan aikinsu, littafin rubutu gare ni. Duk abin da ya shafi ƙauyukanmu, nakan rubuta adireshinsa, da ranar da aka sa, da wanda ya fara sawa, da ranar da na gani. Amma a yi hattara: hoton da ke ɗauke da wurin da aka ɗauke shi yana iya jefa mai shi cikin haɗari, don haka a adana, kar a yaɗa.

Maƙwabcina ya kwance kayansa a daren nan. Yanzu duk bidiyon da ya shigo, shi ke fara tambaya: "To, daga wa? Na yaushe ne?"