WASAN CIKE GURBI: YADDA AKE WARWARE SHI DA YADDA AKE GANE NA ƘWARAI

Duk wanda ya saba buɗe jaridun Turanci ya san wani ɗan zane mai gidaje farare da baƙaƙe da akan ajiye can wajen shafukan baya. Da yawa daga cikinmu mukan wuce shi, muna tsammanin sha'anin manyan 'yan boko ne. Turawa na ce masa kuroswod, mu kuwa bari mu kira shi wasan cike gurbi. Kacici-kacici ne a rubuce: a yi maka tambaya, ka nemo amsa, ka zuba haruffanta cikin gidajen, wata a kwance, wata a tsaye, suna ratsa juna.

Wani mutumin Liverpool mai suna Arthur Wynne, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ran 21 ga Disamba, 1913. Jaridar New York Times ba ta karɓe shi ba sai 1942, amma ita ta zama abin koyi. A tsarinta na ranakun mako, zanen yana da gida 15 a kwance, 15 a tsaye. Ba a sa kalmar da ta gaza haruffa uku, kuma kowane harafi sai ya shiga kalma biyu. Na Litinin ne mafi sauƙi, ya yi ta ƙara wuya har Asabar.

To, mene ne jigo? Shi ne zaren da ya ɗaure amsoshi mafi tsawo. A misali, in mai shirya wasa ya sa Dala da Kufena da Zuma, ka san duwatsu yake nufi, amsa ta huɗu ma dutse za ka nema.

Mai son gwadawa ya ɗauki fensir, kada ya ɗauki biro. Ka fara da gajerun tambayoyin da ka tabbatar da amsarsu, haruffansu su za su buɗe maka dogayen. Ka lura da siffar tambaya: in jam'i ce, amsa ma jam'i ce. In ka ga alamar tambaya a ƙarshe, akwai wayo a ciki, kada ka ɗauki maganar bisa fuskarta. In abu ya cije, ajiye jaridar ka koma bakin aikinka. Sau da yawa kana dawowa sai amsar ta faɗo.

Amma warwarewa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka auna mai shirya wasan, domin alkawari ne tsakaninku: shi ya wahalar da kai, amma kada ya cuce ka. Abu uku ake dubawa. Na ɗaya, jigon ya tsaya kan magana ɗaya; wanda ya jera duwatsu uku sa'an nan ya kawo Argungu ya saɓa alkawari. Na biyu, kada baƙin sunaye biyu su ratsa juna a gida ɗaya, inda ba abin da zai fid da kai sai canke. Na uku, kada a cika sauran gidaje da guntayen kalmomin da ba mai faɗinsu.

Ga misalin gwaninta. Ran 5 ga Nuwamba, 1996, ranar zaɓen shugaban Amurka, New York Times ta buga wasan Jeremiah Farrell, wanda ya tambayi babban labarin jaridar gobe. Mutane suka yi ca, yaya jarida za ta san gaibu? Ashe gidaje bakwai ɗin suna ɗaukar CLINTON, suna kuma ɗaukar BOB DOLE, don tambayoyin da suka ratsa su kowace tana da amsa biyu. Wadda ta nemi wata baƙar dabba, in ka sa CAT, wato kyanwa, ta ba ka harafin Clinton. In ka sa BAT, jemage, ta ba ka na Bob Dole. Ba wanda aka cuta.

Hausa ba ta rasa kayan wannan aiki ba. Tun da ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu: gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya. Sai dai mai shiryawa ya kiyaye. Ƙasa daban, kasa daban, don haka kada gida ɗaya ya zama ƙ a kwance, k a tsaye. Ya kuma faɗa tun farko ko ts da sh gida ɗaya za su ci ko biyu.

'Yan'uwa mazauna Kudu, waɗanda 'ya'yanku ke tashi da Yarbanci ko Turanci a baki, ku gwada. Takarda ɗaya da fensir sun isa: uba ya zana gidaje, ya jera sunayen garuruwa ko na abincin gida, yara su cike. Sharaɗin dai ɗaya ne, a wahalar da yaro amma kada a cuce shi.