Ƙananan Halittun Gaɓar Tafkin Kainji: Me Ya Sauya?

Duk wanda ya ɗaga ruɓaɓɓen itace a bakin ruwan Yauri lokacin da ruwa ya ja baya, zai tarar da cikinsa duk ramuka, tsutsotsi na motsi, katantanwa maƙale a gefe. Ba a kai waɗannan kasuwa, amma su ne cimar ƙurungu da tarwaɗa, kuma yawansu ko ƙarancinsu ne ke fara nuna lafiyar ruwa.

Babban sauyi ya faro ne a 1968, da aka kammala madatsar Kainji. Kogin Kwara mai gudu a kan duwatsu ya koma tafki mai tsawon kusan kilomita 135. Halittun da sai a ruwa mai gudu suke rayuwa suka ragu, ciki har da tsutsar baƙin ƙudan nan mai jawo makanta. Masu son kwantaccen ruwa kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Itatuwan da ruwa ya shanye suka zama gidan tsutsar ƙwaron da masana ke kira Povilla, jajayen tsutsotsi suka mamaye laka, katantanwa ta samu mafaka a ciyawar burgu.

Sai dai gaɓar ba ɗaya ba ce. Wajen Shanga da Yauri ruwan bai rabu da halinsa na kogi ba, yana ɗauke da laka. Daga Warra ta Ngaski zuwa tsibirin Foge kuwa ya baje ya kwanta. Ga kuma cika biyu a shekara: farin ruwa na daminar gida, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini. Tsakanin cika da janyewa ruwan kan sauka kimanin mita 10. Abin da ba ya iya bin ruwa ko nutsewa cikin laka, rana ce ajalinsa. Idan ruwa ya dawo ya rufe ciyawa, sai rayuwa ta sake tsirowa, 'ya'yan kifi su samu kiwo.

Yanzu hannun ɗan Adam ya ƙara nauyi. Noman shinkafa da albasa ya matso har bakin ruwa, maganin feshi da takin zamani na gangarawa fadama. Wankin ƙasar zinariya na gurɓata rafuka. Jan komar dala a gaɓa na kankare ciyawar da waɗannan halittu ke fakewa. Wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, wadda ta shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980, tana toshe haske da iska. Masu saurin mutuwa su ke fara ɓacewa. Masu jure ƙazanta su gaje wurin.

Sakamakon na zuwa ta fuska biyu. Kifi ba ya ƙiba a inda babu cima, don haka ƙarancin kamu ba laifin yawan masunta kaɗai ba ne. Sannan katantanwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya ta fi yaɗuwa a kwantaccen ruwa mai ciyawa, daidai inda yara ke wanka, mata ke wanki.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A bar ziri na burgu tsakanin gona da ruwa. A daina wanke tankin feshi a gulbi. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa ta riƙa ƙidayar waɗannan halittu tare da sarakunan ruwa, waɗanda suka san kowane lungu, domin a gane matsala tun tana cikin laka, kafin ta bayyana a komar masunci.